DAGA BARIKIN DODAN ZUWA TOKYO: YADDA AMURKA DA JAPAN SUKA ƊINKE ƁARAKAR YAƘI

Wannan ita ce laccar da aka karanta a unguwar Bagadaza ta garin Gombe, a gaban fatake da direbobi da 'yan ƙwadago waɗanda suka zo ganin gida daga Kudu. An buga ta domin amfanin 'yan'uwansu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi.



Duk wanda ya taɓa zaman Ikko ya san barikin Dodan da ke kusa da Obalande, ya san barikin Arakan a Afafa, da na Myohaung a Yaba. Mazaunin Sabon Badun kuwa kullum sai ya gifta ta barikin Letmauk a Mokola. Mutane da yawa suna kiran waɗannan sunaye ba tare da sun san asalinsu ba. To, dukkansu sunayen wurare ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, inda sojan Nijeriya suka gwabza da sojan Japan tsakanin 1943 da 1945, a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ƙarƙashin tutar Ingila. Hausa ce harshen bariki a wannan zamani, kuma 'yan Arewa suna da yawa ƙwarai a cikin waɗanda suka tafi. Watau ke nan yaƙin Japan ya taɓa gidajen ƙasar nan, akwai kuma waɗanda ƙasar Bama ta rufe idonsu.

Babban abokin gabar Japan a wannan yaƙi shi ne Amurka. Ran 7 ga Disamba 1941 jiragen saman Japan suka auka wa sansanin jiragen ruwan Amurka a Pearl Harbor, suka kashe mutum fiye da dubu biyu. Ran 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bom ɗin nukiliya a Hiroshima, bayan kwana uku ta jefa na biyu a Nagasaki. Ran 2 ga Satumba wakilan Japan suka sa hannu a takardar saranda a kan jirgin ruwan yaƙi mai suna Missouri. Amma ga shi yau ƙasashen nan biyu aminan juna ne, har akwai sojan Amurka fiye da dubu 50 a Japan bisa yarjejeniya. Abin tambaya shi ne, yaya shugabanninsu suka yi har suka kai ga haka, kuma me kowannensu ya biya? Amsar tana da amfani ga duk baƙon da ke neman abincinsa a tsakiyar mutanen da aka taɓa zub da jini tsakaninsa da su.

JANAR DA SARKI

Bayan saranda, Shugaba Truman ya danƙa ragamar Japan a hannun Janar Douglas MacArthur. Matsala ta farko da ta fuskance shi ita ce ta Sarki Hirohito, wanda da sunansa aka yi yaƙin. Mutane da yawa a Amurka da Ostireliya sun so a gurfanar da shi gaban shari'a. Ran 27 ga Satumba 1945 Sarkin da kansa ya taka zuwa ofishin jakadancin Amurka a Tokyo. Aka ɗauke su hoto: ga Janar dogo, wuyan rigarsa a buɗe, hannuwansa a ƙugu, ga Sarki gajere a gefensa, ya ƙame cikin baƙar kwat. Hukumomin Japan suka so hana jaridu buga hoton, Amurkawa suka ce sai an buga. Daga ranar kowane Bajapane ya san wanda ke da iko.

Duk da haka MacArthur bai taɓa gadon sarauta ba. Cikin Janairu 1946 ya aika wa Washington cewa muddin aka kai Sarki kotu, to sai a tanadi soja kamar miliyan ɗaya domin riƙe ƙasar. Saboda haka aka bar Sarki, aka bar ministoci da ma'aikatan gwamnati, umurni na fitowa daga ofishin Janar, Japanawa suna zartarwa.

Mutanen Gombe ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan dabara. A ƙasarsu ne, a Burmi, ran 27 ga Yuli 1903, Turawa suka ci rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. Tun kafin wannan rana Lugga ya riga ya naɗa wani Sarkin Musulmi a Sakkwato, ya bar sarakuna a kan gadajensu, Razdan da Di'o suna bayan fage. Mai rinjaye ya san mulki ta hannun sarkin da jama'a suka sani ya fi arha. Bambancin kawai shi ne, mamayar Japan ba ta cika shekara bakwai ba, ta ƙasar nan kuwa sai da ta kai 1960.

An yi hukunci, amma an taƙaita shi. Ran 23 ga Disamba 1948 aka rataye Janar Tojo, Firayim Ministan lokacin yaƙi, tare da mutum shida. Amurka ta shigo da abinci ga mutanen da yunwa ta galabaita. Aka sayi gonaki daga hannun manyan masu ƙasa aka sayar wa manoman haya da arha. Mata suka jefa ƙuri'a karo na farko cikin Afrilu 1946. Ran 3 ga Mayu 1947 sabon tsarin mulki ya fara aiki, wanda jami'an MacArthur ne suka tsara daftarinsa. Ya mai da Sarki alamar ƙasa kurum, kuma sashe na 9 ya haramta wa Japan yin yaƙi domin warware rigima da wata ƙasa.

CINIKIN YOSHIDA

Mutumin da ya ja ragamar Japan a yawancin shekarun nan shi ne Shigeru Yoshida, tsohon jakada, wanda ya riƙe Firayim Minista daga 1946 zuwa 1947, sa'an nan daga 1948 zuwa 1954. Ya san durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ya kuma iya karanta lokaci. Cikin 1949 'yan gurguzu suka ci ƙasar Sin, cikin Yuni 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke. Nan take Amurka ta ga ashe tana bukatar Japan mai ƙarfi a gefenta. Ita da ta rubuta sashe na 9, ita ce ta dawo tana matsa wa Japan ta sake kafa babbar runduna.

Wakilin Truman, John Foster Dulles, ya zo Tokyo a farkon 1951 da wannan bukata. Yoshida ya yi ta zamewa. Ya kafa hujja da talaucin ƙasa, da tsoron maƙwabta, da tsarin mulkin da Amurkawa da kansu suka kawo. Abin da ya yarda da shi ƙaramar runduna ce, wadda ta faro daga 'yan sandan ko-ta-kwana dubu 75 cikin 1950, ta zama Rundunar Kare Kai cikin 1954. Nufinsa a fili yake: Amurka ta ɗauki nauyin tsaro, Japan ta zuba dukiyarta a masana'antu.

Ran 8 ga Satumba 1951 aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a San Francisco tsakanin Japan da ƙasashe 48, cikinsu har da Masar da Habasha da Laberiya. Tarayyar Sobiyet ta ƙi sa hannu. Yarjejeniyar ba ta ɗora wa Japan tarar da za ta karya ta ba. Amma a wannan rana ɗin aka sa hannu a takarda ta biyu, ta tsaro, wadda Yoshida shi kaɗai ya sa wa hannu a madadin ƙasarsa, don kada zargi ya hau kan abokan tafiyarsa. Takardar ta ba Amurka ikon ajiye soja a Japan ba tare da wa'adi ba, har da ikon shiga kwantar da tarzomar cikin gida idan gwamnati ta nema, alhali kuwa ba ta wajabta wa Amurka kare Japan ba. Bugu da ƙari tsibirin Okinawa ya zauna a hannun Amurka, kuma aka tilasta wa Japan ta ƙulla zumunci da gwamnatin Taiwan maimakon ta Beijin. Da wannan tsada Japan ta karɓi mulkin kanta ran 28 ga Afrilu 1952.

GYARAN DA YA CI KUJERA

Yarjejeniyar da aka ƙulla lokacin da ɗaya yake kwance ba ta ɗorewa yadda take bayan ya miƙe. Wanda ya ɗauki aikin gyara ta shi ne Nobusuke Kishi, kuma tarihinsa abin mamaki ne. Minista ne a gwamnatin Tojo, ya yi shekara uku a kurkukun Sugamo bisa zargin laifin yaƙi, aka sake shi ba shari'a cikin Disamba 1948. Cikin 1957 ya zama Firayim Minista, ya je Washington, Shugaba Eisenhower ya ɗauke shi suka tafi wasan golf. Ran 19 ga Janairu 1960 aka sa hannu a sabuwar yarjejeniya. A cikinta Amurka ta ɗauki alkawarin kare Japan, aka cire maganar tarzomar cikin gida, aka kuma amince sai an yi shawara da Tokyo kafin manyan sauye-sauye a sansanonin soja.

Gyaran ya fi na da, amma Kishi ya ɓata rawarsa da tsalle. Cikin Mayu ya sa 'yan sanda suka fitar da 'yan hamayya daga majalisa, aka zartar da yarjejeniyar da tsakar dare. Ɗaruruwan dubban mutane suka cika titunan Tokyo. Ran 10 ga Yuni masu zanga-zanga suka rutsa motar kakakin Eisenhower, sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi. Ran 15 ga Yuni wata ɗalibar jami'a ta rasu a ƙofar majalisa. Aka fasa ziyarar Eisenhower, Kishi ya sauka cikin Yuli. Yarjejeniyar tana nan har yau, amma ta koya wa shugabanni cewa sulhun da aka ƙulla a bayan idon talakawa yana da haɗari ko da alheri ne a cikinsa.

Magajinsa, Hayato Ikeda, ya karkata hankalin jama'a ga neman arziki, ya yi alkawarin ninka kuɗin shigar ƙasa cikin shekara goma, aka kuwa cim ma haka kafin wa'adi. Shugaba Kennedy kuma ya aiko da jakada Edwin Reischauer, haifaffen Tokyo, mai jin harshen ƙasar, matarsa Bajapaniya. Cikin 1964 Tokyo ta karɓi wasannin Olamfik, inda ɗan dambe Nojim Maiyegun ya ciyo wa Nijeriya lambarta ta farko. Cikin 1968 tattalin arzikin Japan ya wuce na Jamus ta Yamma. Amfanin cinikin Yoshida har nan ya iso: kamfanonin Japan suka kafa masaƙar Arewa a Kaduna a shekarun 1960, kimanin shekara ashirin kacal bayan yaƙin Bama, baburan Honda da Suzuki da motocin Toyota da Datsun kuma suka cika hanyoyi tun daga Gombe har Ikko.

ABOKIN DA BA A SHAWARTA BA

Ƙanen Kishi, Eisaku Sato, ya riƙe mulki daga 1964 zuwa 1972. Burinsa shi ne ya dawo da Okinawa. Cikin Nuwamba 1969 ya daidaita da Shugaba Nixon, ran 15 ga Mayu 1972 tsibirin ya koma hannun Japan, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Amma akwai abubuwa biyu a ƙarƙashin tabarma. Sato ya sa hannu a asirce cewa Amurka na iya komo da makaman nukiliya Okinawa idan ta ɓaci, takardar da ba ta fito fili ba sai cikin 2009. Nixon kuma ya ɗauka an yi masa alkawarin rage yadin Japan da ke shiga kasuwar Amurka, ya ga shiru, ya ƙullace.

Ran 15 ga Yuli 1971 Nixon ya ba da sanarwar zai ziyarci ƙasar Sin. Japan, wadda ta yi shekara ashirin tana ƙaurace wa Beijin domin faranta wa Amurka, ba ta sami labari ba sai 'yan mintoci kafin sanarwar. Bayan wata ɗaya daidai ya raba dala da zinariya, ya ɗora ƙarin harajin kashi 10 cikin ɗari a kan kayan waje. Dala da ta daɗe a kan yen 360 ta koma 308 kafin ƙarshen shekara. Sato ya ji kunya a gaban jama'arsa. Japan ba ta yi zuciya ta yanke zumunci ba, sai ta rama cikin hikima: cikin Satumba 1972 sabon Firayim Minista Kakuei Tanaka ya tafi Beijin ya ƙulla cikakkiyar hulɗa, ya riga Amurka da shekara shida da ɗoriya.

Daga nan aka shiga gyaran fuska. Gerald Ford ya zama Shugaban Amurka na farko da ya ziyarci Japan yana kan mulki, cikin Nuwamba 1974, Sarki Hirohito kuma ya rama ziyara cikin 1975. A zamanin Reagan da Yasuhiro Nakasone amincin ya kai har suna kiran juna da sunan yanka, abin da ba al'adar manyan Japan ba ce. Amma zumuncin bai hana ciniki mai zafi ba. Cikin 1981 Japan ta yarda ta tsai da motocin da take aikawa Amurka a kan miliyan 1.68 a shekara. Cikin Satumba 1985 aka ƙulla yarjejeniyar Plaza, wadda ta ɗaga darajar yen har kayan Japan suka yi tsada a kasuwannin duniya. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Abin lura shi ne kowace saɓawa a kan teburi aka kashe ta.

Da Hirohito ya rasu cikin Janairu 1989, Shugaba George Bush babba ya halarci jana'izarsa, shi da sojan Japan suka harbo jirginsa ya faɗa teku cikin 1944. Cikin Mayu 2016 Shugaba Obama ya tsaya a Hiroshima, cikin Disamba na wannan shekara Firayim Minista Shinzo Abe, jikan Kishi, ya tsaya a Pearl Harbor. Babu wanda ya nemi gafara a cikinsu, amma kowanne ya sunkuyar da kai ga matattun ɗan'uwansa. Sai da aka shekara 71 kafin a kai ga wannan.

Duk da haka akwai miki da bai warke ba. Okinawa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin Japan ba, amma ita ke ɗauke da kimanin kashi 70 na filayen da sojan Amurka suka keɓe wa kansu. Cikin 1995 wasu soja uku suka yi wa wata yarinya 'yar shekara 12 fyaɗe, dubun dubatar mutane suka fito zanga-zanga. Manya sun sasanta a Tokyo da Washington, nauyin kuwa ya sauka a kan talakan da ke maƙwabtaka da bariki.

KOMAWA GIDA

A barikin Dodan ɗin nan mai sunan ƙasar Bama ne, ran 15 ga Janairu 1970, Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon, bayan wata talatin ana yaƙi. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ba a kuwa kafa kotun rataye kowa ba. Cikin 1973 aka kafa aikin yi wa ƙasa hidima domin matasa su san juna. Cikin 1979 Alex Ekwueme ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa, shekara tara kacal bayan yaƙi. Cikin 1982 Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa Ojukwu, ya dawo gida daga ƙasar Kwaddibuwa. A wajen saurin yafewa Nijeriya ba ta bi bayan kowa ba. Amma ita ma tana da nata Okinawa: fam 20 da aka ba masu ajiya a bankunan yankin Biyafara, da gidajen Fatakwal da aka ce an yi watsi da su, da kashe-kashen 1966 waɗanda kowane ɓangare ke tunawa ta fuskarsa.

Duk lokacin da irin wannan tsohon miki ya fashe, baƙo ne yake fara jin zafi. An gani a Shagamu cikin 1999, ramuwar gayya ta biyo baya a Kano. An gani a Idi-Araba cikin 2002, da kasuwar Shasha ta Badun cikin 2021. Mai sayar da shanu da mai goro da mai gadi ba su zauna a teburin manya ba, amma rumfunansu ne suke ƙonewa.

Saboda haka labarin Amurka da Japan yana da abin ɗauka ga Sarkin Hausawa da sarkin kasuwa da shugaban direbobi a kowane zango. Na farko, mai rinjaye a wata rigima ya bar wa ɗan'uwansa mutuncinsa da shugabansa, domin gobe da shi za a zauna. Na biyu, sharuɗɗan zama da masu gari, na fili ne ko na haraji ko na mayanka, a rubuta su, a karanta wa jama'a, a kuma sake duba su in zamani ya juya. Sabon Badun tun 1916 yake, kuma abin da ya dace da kakanni ba lalle ne ya dace da jikoki ba. Na uku, kada maƙwabci ya ji labarin abin da ya shafe shi a bakin kasuwa, kamar yadda aka yi wa Sato. Na huɗu, a je jana'iza, a je suna, a yi jaje, ko da harshe bai iya furta neman gafara ba tukuna. Na biyar, a saurari kukan ƙaramin da nauyin sulhu ya faɗa a kansa tun kuka bai zama wuta ba.

An taɓa yin zamanin da Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama Magajin Garin Inugu da ƙuri'ar mutanen Inugu, a shekarun 1950. Abin da ya yiwu jiya yana iya yiwuwa gobe, muddin kowane zamani ya ɗauki nasa rabon aikin.

Allah ya kai matafiya masaukinsu lafiya, ya ba ƙasar nan zaman lafiya mai ɗorewa. Wassalamu alaikum.